Kanumfarin Hidaya

Talata, da hantsi

Malamar asibitin Rogo ta ce a riƙa rubuta abin da Zulkifilu ya tuna kullum, a kai mata in an koma. Aka dubi juna a gidan nan, kowa ya ce hannunsa da aiki. Ni Barira da na yi ajin yaƙi da jahilci tun ina da haƙora, ni aka miƙa wa biro. To ga shi. In rubutun ya karkace, idona ne, ba hankalina ba.

Abin da ya tuna yau: babu.

Yana ci, yana sha, yana salla in an tsaya a gabansa. Magana ma tana fita, mutane ne dai suka zube masa tun ranar nan da ya yi haɗari a hanyar Karaye. Ubansa ya shigo, ya ce masa, "Sannu Malam." Uban nasa ɗan farina ne, ba na kiran sunansa, amma takarda ba ta jin kunya: Abdullahi. Ni kuwa kakarsa, da nake ce masa angona tun yana cikin tsumma, sai ya dube ni ya ce, "Baba tsohuwa, gidan wa kike nema?" Na ce gidan mijina, wani rago mai ƙaton kai. Bai yi dariya ba. Ni na yi masa.

Matarsa Hidaya ta kawo masa koko. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, baiwar Allah." Ta koma madafi ta daɗe tana hura wutar da take ci.

Laraba, bayan la'asar

Malam Barau ya zo daga Tudun Kaya, uban Hidaya ke nan. Muka gaisa a zaure, ya tambayi mai jiki, ya tambayi haƙuri, ya sake tambayar haƙuri, sannan ya dubi tabarma ya ce, "Iya, wallahi ba raini ba ne. Yarinya tana zaune da namijin da yake ce mata baiwar Allah. Ta rame, na gani. In an gama cirar gyaɗa ban ga sauyi ba, zan zo in tafi da ita ta huta."

Mutumin kirki ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da mugu ne da na san zagin da zan yi masa. Kuma na san irin wannan hutu. Yau a tafi da yarinya, gobe a aiko a ɗauki akwati, daga nan sai gaisuwa a kasuwa.

Da ya tafi na leƙa gonar bayan gida. Ganyen gyaɗa ya fara rawaya.

Alhamis, da safe

Babu.

Juma'a, bayan magariba

Na zuba tuwo, kwano ɗaya ya yi rara. Hannatu, 'yata da ta zo zama da mu tun ranar nan, ta ɗauke shi ta mayar madafi. Jiya ma haka na yi.

Asabar, da azahar

Kai! Kai! Bari in zauna tukuna.

Yau na ce hannu ya gaji da zama, na soya gyaɗa zan yi ƙuli-ƙuli. Aka kai inji aka dawo, na matse mai, Zulkifilu kuma yana gindin darbejiya yana kallon kaji kamar shi ya ba su aiki. Haushi ya kama ni. Na gutsuro tunkuza da ɗuminta na danna masa a tafi, na ce, "Angona, miji ba ya cin banza a gidan nan. Mulmula."

Hannun ya sani! Kan bai sani ba, hannun ya sani. Ya murza ta, ya lanƙwasa, ya yi zobe karkatacce irin wanda yake yi tun yana yaro ina dukan hannunsa. Na jefa a mai, ya ce cuuu, ƙamshi ya cika tsakar gida. Na tsamo na ba shi. Ya ciza da zafinsa, ya hura baki, ya ce:

"Tsohuwa, yau ma kin cika yaji. So kike ki kashe ni ki ci gado?"

Saura kaɗan in tsoma hannu a mai. Na daure na ce, "Gadon me, wandonka ɗaya? Wace tsohuwa ma kake nufi?"

Ya ce, "Ke mana. Barira mai rowar ƙuli."

Na manta gidan da nake ciki, na rangaɗa guɗa. Hannatu ta fito a guje ta toshe mini baki, ta nuna mini ɗakin nan da ke kulle tun ranar haɗarin. Na yi shiru. Amma cikina bai yi ba.

Lahadi, da hantsi

Da safe ya sake ce mini baba tsohuwa. Ban ji daɗi ba, amma ban tsorata ba, don yanzu na san ina ciki, ƙofa ce take rufewa.

Na yi gwaji. Na faɗa masa sunana, ya ce to. Na ba shi ƙulin jiya mai sanyi, ya ci ya gode. Sai na ɗora mai a wuta, na sa masa tunkuza a hannu, na zage shi. Sai ga shi: "Barira, ba kya gajiya da surutu?"

To na gane. Suna kaɗai in an faɗa masa zamewa yake, kamar ruwa a faranti mai maiƙo. Sai an ɗaure shi da hanci, da kunne, da hannu. Wannan ai ba sabon abu ba ne. Uwata ba ta taɓa zaunar da ni ta ce ga yadda ake sanin daddawa ta nuna ba. Ta ce shanshana, ta ce latsa, ta ce saurari yadda take saki daga faifai. Ajin yaƙi da jahilcin ma, a ƙasa muka fara rubutu da yatsa muna rerawa, a wata rumfa kusa da turken awaki. Har yau in na rubuta sunana warin bunsuru nake ji. Kada wanda ya yi dariya.

Gobe zan buɗe makaranta.

Litinin, bayan azahar

Na buɗe. Ni ce shugaba, ni ce malama, ni ce mai bulala.

Kowa a gidan nan na yanka masa ƙamshinsa. Hannatu citta, don bakinta ma haka yake. Uban Zulkifilu na ba shi daddawa. Ya ce, "Haba Iya! Ni da furfura a gemu za ki sa mini daddawa a aljihu? Da me zan shiga masallaci?" Na ce da ƙafa. Ya tsaya yana kallona, sannan ya buɗe aljihu.

Ga yadda ake yi: ya shigo, ya yi gyaran muryar nan tasa da ke korar kaji, ya zauna kusa, yaron ya shafa gemunsa, daddawa ta yi aikinta, sannan a ce "Baba". Sun maimaita har na tausaya musu. Babban mutum ya zauna ana ja masa gemu, idonsa ya yi ja, wai hayaƙi ne. Ba a kunna wuta ba.

Hidaya na zaɓar mata kanumfari, don ya fi kowane daɗi. Na ƙulle mata shi a bakin mayafi. Sai dai ita ba ta yarda ya taɓa hannunta a gaban mutane, magana kuma tun ranar nan sai an sa kunne. Na ce ba komai, ƙamshin ya isa.

Alhamis, da safe

Ya ce Baba! Tun daga gyaran murya, kafin ma a kai ga gemu! Ubansa ya juya ya fita waje da sauri, ya bar takalmi ɗaya.

Asabar, da la'asar

Hidaya ta sunkuya za ta ajiye masa fura, mayafin ya gifta ta gaban hancinsa. Ya ɗago. Ya ce, "Hidaya?"

Ludayi ya faɗi. Ni kuma na tashi na taka rawa daga bakin rumbu har randa, ba kiɗa, ba guɗa, da gwiwar nan tawa. Hannatu ta ce, "Iya, za ki karye." Na ce in karye, a ɗaure ni da kanumfari.

Malam Barau, ka zo! Ka zo da mota ma in kana so, ka koma da ita wayam.

Talata, bayan la'asar

Na ci bakina. Wa ya aike ni cika baki?

Hannatu ta kwana da ciwon haƙori, kumatu ya yi kamar ta ɓoye goruba. Ta shiga madafi ta dumbuzi kanumfari ta cusa a ramin haƙorin, yadda kowa yake yi, ba ta gaya wa kowa ba, ni ma ban kawo komai a raina ba. Ana haka sai ga Sadiƙa, ƙanwar Malam Barau, wai ta zo dubiya. Dubiya ko leƙe, Allah ya sani. Na shimfiɗa mata tabarma ina ta zuba, yaro ya san matarsa, yanzu za ki gani da idonki.

Hannatu ta zo wucewa da ruwa, ta sunkuya ta ce masa sannu, ta huro masa kanumfarin nan a fuska. Ya cafke mata wuyan hannu. Ya yi wani murmushi da ban gani ba tun yana zuwa zance, ya ce, "Hidaya, ina kika shiga tun ɗazu? Zauna nan kusa da ni."

Goggonsa! Mace mai jikoki, da kumburarren kumatu! Ta ce, "Kai, sake ni, ɗan nema! Ni ce na yi maka wankan jego tare da uwarka!" Yana riƙe, yana cewa, "Haba Hidaya."

Wallahi na yi dariya, ba zan ɓoye ba, har na kwanta a tabarma. Da na ɗago na ga Hidaya tsaye a ƙofar madafi, mayafinta a hannu, tana kallon ƙullin da na yi mata. Nan take dariyar ta ɗauke.

Sadiƙa ba ta sha furar ba. Ta ce rana tana yi, hanyar Tudun Kaya da nisa.

Laraba, da hantsi

An fara cirar gyaɗa a gonar gabas.

Alhamis, bayan azahar

Mun je Rogo. Na miƙa wa malamar asibiti littafin nan, ta karanta, ta kai wajen haƙorin Hannatu ta kifa kai a tebur kafaɗunta suna rawa. Ta ce hanyar da na kama hanya ce, su ma suna yin irinta, ido da kunne da hannu tare. Amma ta ce igiya ɗaya ba ta riƙe masa mutum, na gani ai. Ta kuma ce in daina yi masa tambaya kamar alƙali, kan da ya bugu yana gajiya, in bar shi ya huta tsakanin darasi. Na ce to. Wannan kam ban sani ba, ni a zatona yawan maimaici ne magani.

A hanyar dawowa na saya wa Hidaya awarwaro na ƙarfe masu ƙara. A motar haya muka je muka dawo. Ba mai hawa babur a gidan nan yanzu.

Asabar, da safe

Sabon tsari. Kanumfari a mayafi, awarwaro a hannu, sannan ta ba shi babban yatsanta ya shafa tabon wuƙar da ke jiki. Na kori kowa daga tsakar gida don kunyarta, ni kuma na juya baya, wai ba na gani. Ina gani.

Na sa Hannatu ta sake tauna kanumfari ta zo ta gwada shi. Ya shanshana, ya saurara, bai ji ƙarar ƙarfe ba, ya ce, "Goggo, ki je a cire haƙorin nan." Allah mai iko! Hannatu ta ce ita ta gaji da zama abin gwaji a gidan ubanta. Na ce ki gode, ke ce mataimakiyar shugaba.

Litinin, da la'asar

Ya yi kwana biyu bai kuskure ba. Ya san ni, ya san ubansa, ya san goggonsa, ya san Hidaya in ta zo da kayanta uku. Yau har ya tambayi ina akuyarsa mai baƙin kunne. Na ce tana nan, ta fi ka hankali. Gobe ubansa zai fita da shi gona ya ga gyaɗa, ya taɓa ƙasa, ya ji ƙamshin harawa. Na ce Allah ya sa gonar ma ta shiga makaranta.

Zan yi waina ranar da Barau zai zo. Ya ci ya ƙoshi ya koma shi kaɗai.

Talata

Ba su kai gona ba.

Talata, bayan la'asar

A ƙofar gida Sulle maƙwabcinmu yana zuba wa babur ɗinsa fetur daga kwalba, ya zube a ƙasa, ya tayar da inji. Ba laifinsa ba ne. Wari da ƙara suka zo tare.

Daga cikin gida na ji muryar Zulkifilu. Yana cewa Yaya, birki, Yaya, birki. Sannan ya riƙe rigar ubansa yana cewa ina Yaya Lukumanu, ai tare muka fita, shi ne a gaba.

Wannan sunan ban sa shi a makaranta ba. Ban yanka masa ƙamshi ba. Ashe yana da nasa.

Laraba, da safe

Ubansa ya kai shi bayan gari ya nuna masa kabarin.

Alhamis

Bai ci ba.

Juma'a, da azahar

Bai ci ba. Na soya gyaɗa, ya juya fuska bango. An buɗe ɗakin nan na Lukumanu, shi Zulkifilu ya ce a buɗe. Yana zaune a ciki da hular yayansa a hannu.

Ni na ce a fita da shi.

Lahadi, da hantsi

Ya sha kunu. Hidaya ce ta kai, ta zauna a bakin ƙofa har ya shanye. Na tambaye ta ko ya kira sunanta. Ta ce, "Iya, ban je don haka ba."

Na leƙa da kaina. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Tsohuwa, kin rame." Na ce mijina ne ba ya cefane. Gefen bakinsa ya motsa kaɗan. Na karɓa, ba na raina kaɗan.

Talata, bayan la'asar

An kwashe gyaɗa, harawa ta hau rumfa. Barau ya aiko, jibi yana tafe.

Wasu sunayen sun dawo, wasu suna zuwa suna komawa. Na ce wa Hidaya gobe za mu wuni muna darasi, a sabunta kanumfari, a goge awarwaro su yi ƙara sosai, ranar kuma ta shigo ta hannun damansa inda iska take kaɗawa. Ina ta tsarawa kamar mai shirya biki. Ta bari na gama. Sannan ta kwance ƙullin daga mayafi, ta zare awarwaron, ta ajiye mini su a cinya.

Ta ce, "Iya, na gode, Allah ya saka. Amma ba zan tsaya gaban Baba da waɗannan ba."

Na ce, "Ke 'yar nan, kin haukace? So kike a tafi da ke?"

Ta ce, "Ba na so. Amma ƙulli ya sani ko ni? In gobe na wanke mayafin fa? Haka zan ƙare, ina yawo da ƙarfe kamar akuyar da ake tsoron ta ɓata?"

Ni Barira da ba a taɓa rufe mini baki a garin nan ba, sai ga ni ina roƙo. Na ce to ko kanumfarin kaɗai, guda ɗaya, a bayan kunne, ba mai gani. Ta yi dariya, karo na farko tun ranar nan, ta ce a'a.

Laraba, da la'asar

Ta wanke mayafin, ta shanya. Ta kuma haɗa kayanta a jaka ta ajiye bayan ƙofa. Na yi ƙullun waina, hannuna ba daɗi.

Alhamis, bayan azahar

Bari in rubuta tun da zafinsa, kafin Hannatu ta zo ta ɓata labarin da nata gishirin.

Malam Barau ya iso da hantsi. Aka shimfiɗa masa a zaure, uban Zulkifilu yana gefe, ni ina bakin ƙofa. Aka kawo waina da miya. Aka fito da Zulkifilu. Ya yi sallama, ya ce, "Sannu Malam," ya miƙa wa surukinsa hannu a tsaye kamar abokin kasuwa, ya zauna daram a tabarma ɗaya da shi, gwiwa tana gugar gwiwa. Ya ja kwanon ya fara ci. Har yana cewa, "Bismilla mana Malam, kada ta huce."

Ubansa ya sunkuyar da kai. Barau ya dube ni, ba da fushi ba, da tausayi, wanda ya fi fushi ciwo. Ya ce, "Iya, a kira ta."

Ta shigo da kwanon ruwa. Ba ƙamshi, ba ƙarfe, tsohon mayafi, hannu duk toka daga murhu. Zulkifilu ya ɗago ya dube ta, ya mayar da kai ga waina. Na ce shi ke nan a raina.

Ta durƙusa gaban ubanta ta ajiye ruwan. Kafaɗarta ta gogi tasa don zauren ƙarami ne. Ta ce, "Baba, ina wuni. Ya su Inna?" Da muryarta ta gida, irin ta 'yan Tudun Kaya da take ja a ƙarshe, wadda ba ta yi da mu.

Taunar ta tsaya.

Ya dubi Hidaya. Ya dubi wanda ta ce wa Baba. Ya sake dubanta. Sannan ya dubi hannunsa, miya har wuyan hannu, da rabin waina a ciki. Na ga idanunsa sun firfito. A hankali ya mayar da wainar kwano, ya ɓoye hannun a bayansa, ya zame daga tabarma da gindi har ƙasa, ya tsuguna, ya kifa kai, baki cike, ya kasa haɗiyewa ya kasa tofarwa. Ya ce wani abu kamar "Allah ya ƙara girma", waina ta toshe rabi. Sai ya juya ga Hidaya ta gefen baki, da raɗar da duk zauren ya ji: "Ke ba za ki gaya mini Baba ne ba?"

Kafin wani ya yi magana ya miƙe a sunkuye, ya fice ta ƙofar cikin gida da baya da baya, ya yi karo da randa.

Sai Barau ya fara. Da farko kafaɗa, sannan ciki, har hularsa ta faɗi, yana dariya yana share ido da hannun riga, ban san inda dariyar ta tsaya kukan ya fara ba. Uban Zulkifilu ma haka. Da ya samu numfashi ya ce, "Iya, wanda bai san matarsa ba, ina zai san kunyar ubanta?"

Na ce masa gaskiya, don kada gobe a ce na yaudare shi. Na ce yau ya sani, gobe da safe mai yiwuwa ya tashi bai sani ba, aikin da saura. Ya juya ga 'yarsa ya ce, "Ke fa?" Ta ce, "Baba, in ya manta ina nan ai." Ya gyaɗa kai, ya jawo kwanon wainar, ya ce tunda an fara masa bari ya ƙarasa.

Ya tafi bayan ya yi salla, shi kaɗai.

Angon nawa kuwa har yanzu yana bayan rumbu a tsugune. Na aika Hidaya ta ce masa mutumin ya tafi. Ya ce bai yarda ba, ta koma ta duba zaure da kyau.